Tsohuwar Ɗakin Baya

Ba son tarihi ne ya sa na fara bin asalin gidanmu ba, rabon gado ne. Mahaifinmu ya rasu a 2017, saura 'yan kwanaki a kama azumi. Bayan ƙaramar sallah, da aka yi sadakar arba'in, Baffa, ƙanensa, wanda shi ne babban da ya rage a maza, ya tara mu a soro ya ce 'yan kasuwa sun matsa suna son gidan, za su rushe su yi shaguna da sito. Gida ne na ƙasa a cikin birnin Kano, bayan Kasuwar Kurmi, mai soro biyu da rufin azara, kowace shekara sai an yi masa yaɓe kafin ruwa ya sauka. Yawancinmu mun daɗe da komawa wajen ganuwa. Kowa ya amince a sayar.

Aka ɗauko wani malami da ya yi suna a ilmin gado. Ya zauna, ya zaro biro, ya ce, "Wa ya gina gidan?" Baffa ya ce kakansa. "An raba bayan rasuwarsa?" Ba a raba ba. "Bayan rasuwar 'ya'yansa fa?" Nan ma ba a raba ba. Malam ya mayar da biro aljihu. Ya ce irin wannan shi ake kira munasaha, gadon da mutuwa ta hau kan mutuwa ba a raba ba, kuma ba zai rubuta ko harafi ɗaya ba sai an kawo masa sunan kowa, da uwar da ta haife shi, da wanda ya riga wani. "Ko wuni ɗaya ne tsakanin mutuwa biyu," in ji shi, "yana juya rabo."

Ni aka ɗora wa aikin, saboda ina koyarwa, kuma ni mace ce, ina iya shiga har ƙuryar ɗakin tsofaffi in zauna. Na ɗauka aikin mako biyu ne. Shekara biyu da wata huɗu na yi a kansa.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne yadda salsalarmu take tafiya da ƙafa ɗaya. Duk yaron gidanmu yana iya jero maka wane ɗan wane ɗan wane har uba huɗu, kamar karatun allo. Amma ka ce masa ya faɗi uwaye, daga kakarsa ya tsaya. Ko waɗanda ake tunawa da su, da laƙabi ake tunawa: Inna, Iya, Yaya, ko sunan rana irin su Ladi da Talatu, wanda gida ɗaya sai ka sami uku. Kunya ta taimaka wajen haka. Mace ba ta faɗin sunan miji, uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, suruka ba ta faɗin sunan uwar miji, to in mutum uku suka kauce wa suna a jere, na huɗu bai taɓa jin sa ba ma. Ina girmama wannan kunya, da ita aka raine ni, amma na gani da idona yadda take binne sunaye.

Gwaggo ce madogarata, yayar babanmu, a lokacin tana dab da tamanin. Ba ta ƙirga shekara da lamba. In na ce, "Gwaggo, yaushe aka yi kaza?" sai ta ce, "Ai ina goyon wance aka yi gobarar El-Duniya," ko "Sarki Sanusi bai bar gari ba tukuna." Dole na yi wa kaina jadawali a bayan littafina: basasar Tukur da Yusufu ta fara 1893, Turawa sun shiga Kano a Fabrairun 1903, Sarki Abbas daga 1903 zuwa 1919, titin jirgin ƙasa ya iso 1911, yunwar Kakalaba 1913 zuwa 1914, annobar marisuwa 1918, Sarki Alhaji, wato Abdullahi Bayero, daga 1926 zuwa 1953, gobarar silimar El-Duniya 1951, zuwan Sarauniyar Ingila 1956, murabus ɗin Sarki Sanusi 1963, canjin kuɗi daga fam zuwa naira 1973. Da wannan igiya nake rataye duk abin da ta faɗa. Ba ta taɓa saɓa wa kanta ba. In ta ce wane ya riga wane, ko bayan wata uku na sake tambaya ta wata hanya, amsar ba ta canzawa.

Kakan babanmu, mai gidan, fatke ne na goro. Yana saurayi ya bi ayari zuwa Gwanja, a ƙasa, da jakuna, su ɗauki kanwa da fatu da tufafin Kano, su ƙetare Kwara, su ratsa Borgu har Salaga, su dawo da huhunan goro, tafiyar da takan ci watanni. Yaƙin da ya tarwatsa Salaga a 1892 ya sa kasuwar ta watsu zuwa wasu garuruwa, daga baya Kumasi ta zama cibiya. Da aka fara ɗora goro a jirgin ruwa zuwa Ikko, jirgin ƙasa ya hauro da shi Kano, sai ayari ya mutu, abin da fatke yake bukata ya koma amintaccen mutum da zai zauna a can yana saye. Shi ya sa babban ɗansa ya tare a zangon Kumasi, ya yi aure, bai sake dawowa da zama ba. 'Ya'ya uku suka rayu wa mai gidan, duk maza: na Kumasi, na tsakiya wanda marisuwa ta ɗauke bai yi aure ba, sai auta, kakanmu, da aka haifa "shekarar jirgi". Duk gidanmu an san su a matsayin 'ya'yan Inna, uwargida. Haka na rubuta a shafin farko, na ja layi uku daga sunanta.

A ɗakin kakanmu akwai wata adaka ta ƙarfe da ba a buɗe ba tun rasuwarsa a 1989. Da muka fasa kwaɗon, gara ta riga mu. Rasitan haraji da wasu wasiƙu na ajami sun zama gari, in ka taɓa sai su bi yatsa. Na zauna a ƙasa na yi kuka, domin na tuna kakarmu mace ta rayu har 2004, ina jami'a a lokacin, kullum ina gidan, ita ce mai makullin adakar nan, ban taɓa ce mata "Kaka, mene ne a ciki?" ba. Abin da ya tsira shi ne Alƙur'ani rubutun hannu, warwaro, cikin gafakarsa ta fata. A bayan warƙar ƙarshe akwai layuka shida da tawadar gida, ta koma ja-ja.

Na naɗe warƙar a farin ƙyalle na kai wa Malam. Ya sa tabarau ya duba, ya ce haihuwa ce da rasuwa aka rubuta, kuma shekarun da ramzi, wato da haruffa maimakon lamba, a bisa lissafin da malaman ƙasar nan suka gada daga Magrib. Ya nuna mini: shin dubu ce, sin ɗari uku, lam talatin, ba biyu. Layin ƙarshe, da wani hannu daban, rasuwar mai gidan ce, haruffa huɗun nan a jere, 1332 ke nan, ta faɗa cikin 1914, tsakiyar Kakalaba. Layin da ke samansa haihuwar auta ce, shin da sin da lam, 1330, wato ƙarshen 1911 zuwa 1912, shekarar jirgi daidai yadda ake faɗa. Sai Malam ya yi shiru. Ya koma layukan sama ya sake karantawa, ya dawo. Ya ce, "Malama, manyan biyu an rubuta daga matarsa. Wannan kuwa an rubuta daga surriyyarsa." Na ce, "Allah gafarta Malam, me ke nan?" Ya ce, "Sa-ɗaka."

Ban biya gida ba, wajen Gwaggo na wuce. Na tarar tana tsince shinkafa a faifai. Na faɗa mata. Ba ta ɗago ba, sai da ta gama tsintar gefen da take, ta ce, "Ashe takarda ta faɗa. Tura ƙofar nan, 'yar nan."

Akwai wata tsohuwa da na taɓa jin babanmu yana ambata jefi-jefi, "Iya ta ɗakin baya", mai dama musu fura suna yara. Na ɗauka 'yar riƙo ce ko wata dangin nesa da ta tsufa a gidan. Ita ce ta haifi kakanmu. Gwaggo ta san ta sosai, a ɗakinta ta yi kwana har aka kai ta ɗakin miji. Ta ce gajeriya ce, baƙa, mai ƙananan hannuwa, tsagar fuskarta ba irin ta kowa ba ce a unguwar. Ba ta da yawan magana. In tana niƙa a dutse takan yi wata waƙa ƙasa-ƙasa da yaren da babu mai ji, da ta ji motsin mutum sai ta haɗiye. Sau ɗaya ta ba Gwaggo labarin, daren da za a sa ta a lalle. Ta ce garinsu yana gindin duwatsu, wajen Warji. Suna rafi ita da ƙanenta, ba ta fi a aike ta ɗebo ruwa ba, sai ga dawakai. Ta riƙe hannun yaron har aka ɓamɓare. Kano da Ningi sun daɗe suna kai wa juna hari a ƙarni na 19, kuma ƙananan garuruwan da ke tsakani su ne suke kwana a ciki. Ta bi hannu biyu kafin ta shigo gidanmu, a bakin bashin goro aka ba da ita.

Daga baya na karanta dokar da Lugga ya yi a 1901, wadda ta ce duk wanda aka haifa bayan 31 ga Maris na shekarar ɗa ne, amma waɗanda ke hannu suna nan a hannu sai in sun fanshi kansu ko an fanshe su a gaban alƙali. Sai a 1936 aka soke bautar gaba ɗaya a Arewa. Ita kuwa ba dokar Bature ce ta 'yanta ta ba. A shari'a, sa-ɗakar da ta haihu da ubangijinta tana zama 'ya ranar da ya rasu, ɗanta kuma ɗa ne cikakke, yana gado daidai da ɗan uwargida. Ke nan tun 1914 tana da ikon ta ɗaure kayanta ta fita, ga ƙuruciya, ba za ta rasa mai aure ba. Amma da ta fita, yaro ɗan shekara biyu zai zauna a gidan ubansa. Ta zauna. Da marisuwa ta ɗauke na tsakiya, babban kuma yana Kumasi, Inna ta rage ba kowa a gabanta, sai ta jawo autan ɗakinta. Gwaggo ta ce ba ƙwace ba ne, Inna ta riƙe shi da amana, ita ta kai shi makarantar allo, ita ta yi masa aure. Unguwa ta saba cewa "ɗan Inna", aka tafi a haka. Ita kuma Iya ta zauna a ɗakin baya shekara arba'in da biyu tana kallon ɗanta yana girma da sunan wata.

Na ce, "Gwaggo, shi ya sani?" Ta ce, "Yo wa zai ɓoye wa mutum uwarsa? Kullum ya dawo daga masallacin asuba, ƙofarta yake fara durƙusawa, kafin gari ya waye mutane su gani. In ya kwance sabon huhu, farin goron farko nata ne. Shekarar da Sarauniya ta zo ta rasu, shi ya shiga kabarin da kansa, ya hana kowa." Sannan ta jawo kaina ta raɗa mini sunan, ba wanda aka sa mata a Kano ba, na garinsu, gaɓa biyu. Ta ce tun daren lalle yake bakinta, ba ta taɓa faɗa wa ko 'ya'yanta ba.

Da na mayar wa Malam, ya yi lissafi a gabana. Mai gida ya bar mata ɗaya da 'ya'ya uku: tumuni, wato ɗaya cikin takwas, na Inna, saura a raba uku. Na tsakiya ya rasu: uwarsa ta ɗauki sudusi, wato ɗaya cikin shida, ragowar kuwa na shaƙiƙinsa ne, domin ɗan'uwan da aka haɗa uwa da uba yana kange wanda aka haɗa uba kaɗai. Inna ta rasu zamanin Sarki Alhaji: duk abin da ta tara ya tafi ga ɗan cikinta. Da kakanmu ɗan Inna ne, da rabin gida namu ne. Yanzu kuwa rabonsa kashi 7 ne cikin 24, sauran 17 na zuriyar na Kumasi.

Ranar da na faɗa wa Baffa ba zan manta da ita ba. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ke yanzu a kan wata tsohuwar takarda za ki tashi ki ce ubanmu ɗan baiwa ne? 'Ya'yanki mata ba za su yi aure ba? Shekara ɗari mu muke yaɓe gidan nan, su waɗancan ko ƙofarsa ba su sani ba." Na ce, "Baffa, ka yi haƙuri, ba ni na rubuta ba." Ya ce, "Amma ke kika tono." Ban ga laifinsa gaba ɗaya ba. Yana da 'ya'ya goma sha ɗaya, ya riga ya lissafa abin da zai yi da kasonsa. Kuma gorin da yake tsoro ba ƙirƙira ya yi ba, har yau ana binciken asali kafin a ba da aure, ana kuma fasawa a kan abin da bai kai wannan ba. Ni ma na yi darare ina juyi. Sau biyu na ɗauko littafin da niyyar in mayar da layin nan inda yake da. Abin da ya hana ni, in na rufe ido sai in ga mutum durƙushe a ƙofar ɗakin baya cikin duhun asuba. Kuma abin da ba namu ba, ko mun ci, ba namu ba ne. Gwaggo ce ta kashe maganar. Ta sa aka kira mata Baffa, ta ce, "Kai, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Furar wa ka sha ka girma? Sarakuna nawa ne a garin nan 'ya'yan sa-ɗaka, wa ya fasa faɗuwa ya gaishe su?" Ya tashi ya fita bai ce komai ba. Wata bakwai bai amsa gaisuwata da baki ba, sai da hannu.

Neman 'yan Kumasi ya zo da sauƙi fiye da yadda na zata. A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su bar Gana, har da waɗanda aka haifa a can ba su san wata ƙasa ba. Wasu daga jikokin babban suna cikin waɗanda aka loda a manyan motoci. Sun sauka a gidanmu na ɗan lokaci, sannan suka bazu. Gwaggo ta tuna da ɗaya, ta ce a neme ta a Kurna. Na same ta a ɗakin haya ɗaya, tsohuwa, tana sayar da ƙuli-ƙuli a ƙofar gida. Ta ce da ƙullin kaya ɗaya da tukunya ta ƙetaro, gidan ubanta da rumfarsa duk a can aka bar su. 'Yarta ce ta ba ni lambar waɗanda suka rage a unguwar Aboabo ta Kumasi. Muka buɗe zaure a WhatsApp. Hausarsu ta zango ce, mace ma "ya zo" suke ce mata, da farko sai na riƙa rikicewa wajen rubuta wane ne namiji wace ce mace, dole in tambaya ɗaya bayan ɗaya. Suka turo mini hoton kakansu da rawani a gaban buhunan goro. Goshin babanmu ne sak.

An sayar da gidan a ƙarshen 2019. Magada 63 Malam ya lissafa. Aka fara cire abin da ɓangarenmu ya kashe na gyara wanda ake da shaida a kai. Wasu daga cikin na Kumasi suka ce sun yafe nasu ga waɗanda suka riƙe gidan, wasu suka karɓa, haƙƙinsu ne. Tsohuwar Kurna ta karɓi nata cif, ta sayi ɗan fili aka yi mata ɗaki biyu. Nawa kason bai kai kuɗin keken ɗinki mai kyau biyu ba. Kafin a rushe na shiga ɗakin baya. Taku huɗu ne a tsaye, uku a kwance, taga ɗaya ƙarama can sama. Dutsen niƙan yana nan a bayan ƙofa, tsakiyarsa ya lotsa. Na sa yara suka ɗora mini shi a adaidaita sahu.

Zama goma sha ɗaya na naɗi muryar Gwaggo a waya. Wata rana a kasuwa aka zare wayar daga jakata, kuma bakwai kawai na riga na tura kwamfuta. Cikin huɗun da suka tafi har da ranar da ta gwada rera mini waƙar niƙan, iya abin da kunnenta ya riƙe. Na koma don mu sake, na tarar jikinta ya yi nauyi, ta ce in bari sai ta ji sauƙi. Ta rasu a 2020. Tun daga nan duk abin da na naɗa, a daren nake tura shi wuri uku, in kuma rubuta shi da hannu a littafi, da ranar da aka faɗa da wanda ya faɗa. Warƙar nan na ɗauki hotonta, na raba wa gida tara, ita kanta tana cikin gafakarta da ganyen darbejiya saboda gara. Salsalar kuma na sake zana ta a babban kwali, kowane namiji da uwarsa a gefensa, sunan yanka da laƙabi. Daga Iya zuwa sama na bar fili mai faɗi, na rubuta Warji da fensir.

A gidanmu ana saukar Alƙur'ani duk daren 27 ga azumi, a karanta sunayen mamata a yi musu addu'a. Da gidan ya tafi, saukar ta koma gidan Baffa, shi ne kuma mai karanta sunayen. A azumin 2021 na rubuta jerin kamar yadda na saba, na sa sunanta na garinsu a ƙarƙashin na mai gidan, kusa da na Inna, na aika masa tun da rana don kada ya ci karo da shi a gaban mutane. Bai aiko an ce in cire ba. Da dare muna daga cikin gida muna ji ta lasifika, ya karanta na farko, ya karanta na biyu, sai muka ji shiru. Can sai muryar babban ɗansa ta ɗauka daga na uku, ya yi tuntuɓe a kan sunan, ya maimaita, ya ci gaba har ƙasa. Da aka shafa, matar Baffa ta shigo da ƙwarya babba ta fura, ta ce shi ya sa a dama, a raba wa yara.